Yadda Aka Aike Ni Sayen Lemon Tsami a Makka

Tun da muka dawo daga Umara, duk wanda ya tare ni sai ya ce in ba shi labari. A ofis, a masallacin unguwa, har a gidan mai. Da na fara maganar Ka'aba sai a ce kowa ya san tana da kwarjini, a dai ba su labarin kifin. Ban san wanda ya fara fitar da maganar kifin ba, ko da yake ina zargin matata, ba tare da wata ƙwaƙƙwarar hujja ba. Tunda labarin ya fara canza kama a bakin mutane, har na ji wani yana cewa wai na suma a kan titi, na ga gara in rubuta shi gwargwadon yadda zan iya tunawa. Ban suma ba. Na dai zauna a ƙasa na ɗan lokaci, kuma akwai dalili.

Asali ba ni ne zan raka Baffa ba. Baffa shi ne mahaifin matata Nafisa, dattijon Bafulatani ne da ya ƙare ƙuruciyarsa a bayan shanu, a wani ƙauye can gaba da Azare. Babban ɗansa ne ya biya masa kujera, shi ne kuma zai raka shi, sai wurin aikinsa suka hana shi hutu. Dangi suka duba suka ga ni ke da fasfo, ina jin Turanci, kuma a cewarsu ina da natsuwa. Abin da suke kira natsuwa, ina jin tsoro ne kawai da ba ya yin ƙara. Ilimin ƙwayoyin cuta na karanta a jami'a, kuma tun daga lokacin ban sake kallon hannun ƙofa da zuciya ɗaya ba.

Kafin wannan tafiyar, duk hulɗata da Baffa ba ta wuce gaisuwa ba. In durƙusa a bakin ƙofar ɗakinsa ina kallon ƙasa, shi yana kallon bango, mu tambayi juna gajiya da ruwa da mutanen gida, in tashi. Bai taɓa kiran sunana ba. Malam yake ce min.

A filin jirgin Kano Nafisa ta ja ni gefe ta damƙa min ledar magungunansa, na hawan jini da na gwiwa.

"Kada ka ɗauke ido daga kansa," in ji ta. "Kuma na gwiwar nan ba a shan sa da ciki wayam. Ka gani da idonka ya ci abinci, sannan ka ba shi."

Na ce in sha Allahu. Ta kuma gaya min abin da dangi duka suka sani, cewa Baffa ya yi alkawari da ƙafarsa zai yi ɗawafi. Ya ce ƙafar da ta bi shanu har Kamaru ba za a naɗe ta a kan keke a tura ta a Ɗakin Allah ba.

A nan filin jirgi muka ɗaura harami. Ga wanda bai taɓa zuwa ba, ƙyalle biyu ne farare marasa ɗinki, ɗaya a ƙugu ɗaya a kafaɗa, kuma babu komai a ƙarƙashinsu. Baffa ya ɗaura nasa sau ɗaya, ya zauna masa daram kamar da shi aka haife shi. Ni kuwa na sa bel, sannan na tambayi malamai biyu ko ya halatta in ƙara da fil. Ɗaya ya ce babu laifi, ɗaya ya ce gara a bari. Sai na bar fil, na riƙe da hannu. Kusan duk abin da zan ba ku labari a nan da hannu ɗaya na yi shi.

Da jirgi ya ɗaga aka kawo abinci. Kujerata na manne da ta Baffa, ni kuma an rene ni a kan cewa mutum ba ya buɗe baki ya ci abinci a gaban surukinsa. Na ce wa ma'aikaciyar na ƙoshi. Ta juya ga Baffa, ya ɗaga hannu ya ce Alhamdulillahi. Na ɗauka abincin jirgi ne bai yarda da shi ba, har na yaba masa a raina, don ni ma ina da shakku a kan yadda ake ɗumama shi.

A Jidda layi ya yi tsawo, amma yana tafiya. Da muka isa gaban jami'in, na'ura ta ƙi karanta yatsun Baffa, igiya da sanda sun cinye zanen. Jami'in, wani saurayi mai fara'a, ya matso ruwan goge hannu ya mutsuka masa, yana ta ce masa ya hajji, ya hajji. Na sunkuya na shinshina hannun Baffa don in ji ko ruwan yana da turare, tunda mai harami ba ya shafa turare. Jami'in ya dube ni, Baffa ya dubi rufin ginin. Ina jin babu turare, amma har yau ban tabbatar ba.

Masaukinmu a Jarwal yake, tsohuwar unguwa kusa da Harami, a wani dogon bene da ke cike da baƙi daga ko'ina. Kowane hawa yana da ɗan kicin guda na tarayya. Ejan ɗinmu ya ce ɗakin mutum biyu ne, da muka buɗe sai ga gado uku, kuma a kan na ukun ga wani ƙaton mutum baƙi mai farin gemu yana yanke farce, alamar shi ya riga ya gama Umararsa. Baffa ya yi masa doguwar gaisuwa da Hausa, mutumin ya yi murmushi. Ya sake ta da Fulatanci, mutumin ya ƙara faɗaɗa murmushin. Na gwada Turanci, sai ya amsa da wani irin Turanci mai gudu da waƙa, wanda sai da na yi yini guda kafin kunnena ya kama shi.

Sunansa Abdulkarim, daga Bahamas, wasu tsibirai a teku kusa da Amurka. Ya yi shekaru yana gyaran injin jiragen kamun kifi, ya musulunta da girmansa, kuma shi kaɗai ya zo. Na fassara wa Baffa. Baffa ya ƙare masa kallo, tun daga goshi har yatsun ƙafa, ya ce namu ne, an dai daɗe da tafiya da su. Daga ranar Baffa yake ce masa Alhaji, shi kuma yana ce wa Baffa Kyaftin.

Da muka ɗan huta muka fita yin Umara. Mun kai har farfajiyar Harami, muna hango hasumiyoyi, sai na ga Baffa ya tsaya, ya lalubi wani ginshiƙi, ya sulale ya zauna. Kafin in gama salati masu tura keke sun kewaye mu, kowa yana nuna kujerarsa. Baffa bai ko dube su ba. Ya ce min jiri ne, mu koma, gobe ma rana ce ta Allah. Muka koma da haraminmu a jiki, domin ba a kwance shi sai an gama. Ni ma ban ga ya dace in je in gama tawa in dawo da riga da hula in zauna kusa da surukina yana cikin ƙyalle biyu ba. Balle ma an ce kada in ɗauke ido.

Ban ɗauke ba kuwa. Idan ejan ya aiko da shinkafa da kaza, sai in buɗe in ajiye a gaban Baffa, in ja kujera in zauna daidai saitinsa, ƙwayar magani a tafin hannuna, kofin zamzam a kusa, ina jira. Sai ya ce Alhamdulillahi, ya juya ga bango da carbinsa. Na sa aka sayo ful da tamis, wato dafaffen wake da faffaɗan burodin da mutanen Makka ke karyawa da shi, su zauna a ƙasa su kewaye faranti ɗaya, uba da ɗa da suruki, kowa yana tsoma hannu. Alhamdulillahi. Na sa aka kawo madara. Alhamdulillahi. Ko bayan gida na shiga, a gurguje nake fitowa, wani lokaci in tarar yana goge baki da gefen haraminsa, sai in ɗauka addu'a ya shafa. Ni kaina abin da nake ci shi ne biskit, a tsaye a baranda, ƙafa ɗaya ta tokare ƙofa, ido ɗaya a cikin ɗaki.

Yanzu ga maganar kifin.

Washegarin zuwanmu, bayan sallar asuba, Abdulkarim ya zaro wata tukunyar dalma daga akwatinsa ya nufi kicin. Can sai ga shi da kwano biyu suna tururi, ya ajiye ɗaya a gabana ɗaya a gaban Baffa, ya koma bakin gadonsa ya zauna yana shafa hannuwa. Na leƙa kwanon. Ruwa ne fari-fari, babu manja, babu tumatir, babu wani ja ko kaɗan. Ga gutsuren farin kifi kwance a ciki, da albasa da dankalin Turawa. Mu dai a gida an san kifi da suya har sai ya yi ƙarau, ko a banda shi, a jefa shi a jar miya da rana ko da dare. Da safe kuwa koko ne da ƙosai, ko ɗumame, ko shayi da burodi. Wannan, Allah Ya yafe min, ya yi min kama da ruwan da aka wanke kifi aka manta ba a zubar ba. Na kuma lura bai daɗe a kicin ɗin ba, na fara lissafa sunayen abubuwan da ke rayuwa a cikin kifin da bai ji wuta ba.

Baffa ya ce Alhamdulillahi. Na fassara cewa ya ƙoshi, na ƙara da cewa ni ma haka. Abdulkarim ya ce to, ya kwashe kwanukan. A wurinmu da sai a ce haba, a taɓa mana, a nace, ko a rufe a tura ƙarƙashin gado a fice. Shi a ƙasarsu idan mutum ya ce a'a, to a'a ɗin ke nan. Na dai ga idon Baffa ya bi kwanon har bakin ƙofa, amma na fassara kallon da ƙyama.

Haka aka sake yi washegari. A ta gaba ma haka. Ran nan Abdulkarim ya yafuto ni zuwa kicin, na tsaya a inda nake iya hango ƙofar ɗakinmu.

"Ɗan'uwa, gaya min gaskiya," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "Don da girmana na musulunta ne Kyaftin ba ya cin abincina? Tukunyar nan sabuwa ce. Don wannan tafiyar na saye ta."

Kunya ta rufe ni. Na rantse masa ba haka ba ne, na ce ko abincin ejan ba ya ci. Don in wanke kanmu na ce ya nuna min yadda ake dafawa, in ɗanɗana.

Nan take fuskarsa ta washe. Kifin sunansa hamur, daga Jidda ake kawowa, ya ce ɗan'uwan wanda suke kamawa a gida ne. Ya wanke shi da gishiri da lemon tsami. Ya shimfiɗa albasa da siraran yankan dankali a gindin tukunya, ya zuba ruwa daidai yadda zai rufe su, ya sa tayim, da gishiri, da bota, ya matse lemon tsami har na ce ko ya yi yawa, ya ƙara. Sannan ya ɗauko wani barkono da ya ce a ƙasarsu sunansa barkonon akuya, na duba na ga attaruhu ne sak. Sai da dankali ya nuna ya kwantar da kifin a sama, ya rage wuta, ya rufe. Ya ce ba a juyawa, ba a barin sa ya tafasa da ƙarfi, kuma mai dafawa ba ya matsawa daga wurin, don tsakanin ya nuna da ya dagargaje ɗan lokaci ne ƙanƙane. A wata ƙaramar tukunya kuma ga tsakin masara da ya zo da shi daga gida, ya dafa shi ya yi kauri kamar fate. Ya ce sunan abincin dafaffen kifi kawai, ba shi da wani suna, kuma da shi ake karyawa ranar hutu, da safiyar biki, da kuma safiyar da mutum ya kwana yana abin da shi ya daina tun da ya musulunta. Ya ce kakarsa da kitsen alade take yi. Da ya ga yadda na yi da fuska ya sake nuna min botar, ya sake cewa tukunyar sabuwa ce.

Na karɓi cokali da niyyar in taɓa harshe kawai. Ba zan iya cewa ga yadda aka yi ba. Tsami ne ya fara zuwa, sai yaji ya biyo shi ta bayan wuya, sai gumi ya keto min. Kifin ya nuna sarai, yana rabewa fala-fala. Da na ɗago, kwanon babu komai, kuma hannuna biyu duka a kan kwanon suke, na manta da harami. Allah Ya rufa asiri, bel ya yi aikinsa.

Na ɗauki wani kwanon da kaina na kai wa Baffa, na yi masa bayanin cewa na bincika, ya dahu, babu abin da zai cutar. Na ja kujerata na zauna saitinsa da magani a hannu. Hancinsa ya motsa. Maƙogwaronsa ya motsa. Ya ce Alhamdulillahi, ya juya ga bango.

A ranar ejan ya zo ya ce motarmu ta Madina jibi za ta tashi, kuma ba a shiga da harami. Ko dai Baffa ya yi Umara gobe da ƙafarsa, ko a ɗauko keke. Baffa ya ce a bar shi a nan. Na kira Nafisa daga baranda, ta fashe da kuka, ta ce in ƙara sa ido. Na ce ban san inda zan samo ƙarin ido ba, amma zan yi ƙoƙari.

Da gari ya waye, Abdulkarim ya leƙo daga kicin hankali tashe. Ya ɗora tukunya, ashe lemon tsaminsa ya ƙare, kuma in babu lemon tsami babu abinci. Ya ce in sauka kantin ƙasan bene in sayo, shi zai kula da Kyaftin. Na ce ba zan iya barin ɗakin ba. Ya ce sauka ne da hawowa. Na dubi Baffa, sai na ji ya yi magana da sauri irin wadda ban taɓa ji daga bakinsa ba, ya ce in je mana, Alhaji ba ya nan?

Kantin ƙasa babu lemon tsami. Mai kantin ya nuna min na gaba, na gaba bai buɗe ba. Wani direba ɗan Nijar ya ji ina tambaya da Larabcin Islamiyya, ya ce da Hausa in miƙe unguwar Tandabawi wurin mutanenmu, nan kusa ne. Ban ce ƙarya ya yi ba, amma kusan direba daban yake da kusan mai tafiya a ƙasa da silifas. Na yi ta hawa da gangara a cikin lunguna, har na fara jin ƙamshin daddawa, sannan na ji wata mata tana yi wa wani faɗa da Hausar Kano tsantsa.

Hajiya Uwale sunanta, dattijuwa ce, tana zaune a bakin wata ƙofa da buhunan kuka da kuɓewa da tsaki, ga lemon tsami tsibi guda. Ta ce aikin hajji ya kawo ta tun tana da ƙarfinta, ba ta koma ba. Da ta ji daga Kano nake sai ta ce da Larabci ta'al, wato zo, ɗana, zauna. Na ce sauri nake. Ta ce kalas, wato shi ke nan, minti ɗaya. Ta tambaye ni labarin unguwarsu ta Kano, ko har yanzu ana rini a inda ake yi, ko gadar da take ji ana faɗa da gaske ce, ko na san wani mai shayi a bakin kasuwa wanda ina jin ya rasu kafin a haife ni. Na gaya mata matsalata. Ta ce ai mafi mushkila, babu matsala ke nan a Larabce, mukayyif ne, wato na'urar sanyaya ɗaki, ita ke kashe wa tsofaffinmu ciki, in kashe ta in buɗe taga. Ta cika min leda da lemon tsami, ta ɗora kuka da daddawa a kai, sannan ta ce haramin nan nawa an ɗaura shi kamar zanen mai jego.

Da na duba waya na ga yadda lokaci ya tafi, sai na kama gudu. Ina gudu ina shirya yadda zan gaya wa Nafisa cewa na bar mahaifinta da wani mutumin tsibiri da ba ya jin ko sannu, na tafi sayen lemo. A kan wata gangara bel ya ɓalle. Hannu ɗaya yana riƙe da leda, ɗaya da silifas ɗin da ya tsinke. Abu ɗaya ya rage min in yi, shi ne in zauna a ƙasa nan take, kuma na zauna. Leda ta fashe, lemon tsami ya bi gangara. Wasu alhazai 'yan Indonesiya, maza da mata, suka bi shi suna tsincewa, suna kawo min ɗaya-ɗaya suna sunkuyawa da ladabi, ni kuma ina zaune dirshan a tsakiyar hanya ina amsa godiya. Wannan ne abin da ake cewa suma.

Na iso benenmu ina haki, na tura ƙofa ko sallama ban yi ba.

Suna zaune a ƙasa su biyu a kan shimfiɗar leda, tukunya a tsakiya. Baffa ya sauke haramin kafaɗarsa, gumi na bin gemunsa, kan kifi a hannunsa na dama yana tsotsar idon. A gefensa ga tarin ƙaya. Tukunyar tsaki kamar an wanke ta. Abdulkarim yana ba shi labarin wata guguwar teku da Turanci, Baffa yana gyaɗa kai yana cewa ikon Allah.

Da Baffa ya gan ni sai hannunsa ya tsaya a iska. Ni ma na tsaya. Ya sauke kan kifin a hankali, ya ja haraminsa ya rufe kafaɗa, ya ɗaga ido ya dubi bango. Sannan, ba tare da ya dube ni ba, ya ce:

"Malam, lemon nan da ka kawo ƙanana ne. Ka koma ka duba ko akwai manya."

Lemon suna cikin haɓar haramina, bai ma gan su ba. Na buɗe baki zan ce ai manya ne, Hajiya ce ta zaɓa da kanta. Sai idona ya sauka a kan takalminsa da ke ƙarƙashin gado, cike da ƙwallayen dabino. Na tuna goge bakin da yake yi idan na fito daga bayan gida. Na tuna faranti biyun da suka koma a jirgi. Na dubi kujerata, tana nan daidai saitin gadonsa inda na dasa ta.

Na ce to, Baffa. Na ajiye ƙwayar maganin a bakin taga, na ja ƙofa, na zauna a kan matattakala.

Ni duk tsawon rayuwata na ɗauka wannan kunyar daga ƙasa take hawa sama, yaro ne ke jin nauyin babba. Ban taɓa kawowa a raina cewa dattijo kamar Baffa zai gwammace jiri ya kayar da shi a farfajiyar Harami da ya tauna abu a gaban mijin 'yarsa ba.

Can Abdulkarim ya fito min da sauran romon a kofi. Ya ce bayan fitata ya ari lemon tsami wurin matan ɗakin da ke kusa, da ya ga kifi zai dagargaje ya zuba wa Kyaftin ya ajiye, ya juya yana amsa wayar 'yarsa, yana waiwayowa ya ga kwano wayam. Ya tambaye ni me ya sa na zauna a waje. Na yi masa bayani iyakar iyawata. Ya yi dariya har sai da ya dafa bango. Ya ce shi ranar da ya je neman aure, surukinsa zama ya yi a gabansa da ludayi yana ƙara masa, kuma da ya tsaya a kwano ɗaya da bai samu matar ba.

Na kira Nafisa na ce Baffa ya ci. Ta ce na gani da idona? Na ce na ga shaida mai ƙarfi. Da na ba ta labari sai ta ce ai Baffa ko a gabansu ba ya ci, tun tasowarsu sai dai a rufe a kai masa ɗaki. Na ce to me ya hana ta gaya min? Ta ce ta ɗauka kowa ya sani, kuma ita cewa ta yi in gani, ba ta ce in zauna in zura masa ido ba. Ina da abin cewa game da wannan, amma na bari.

Da rana aka sake aike ni lemon tsami, kafin in dawo shinkafar ejan ta ɓace. Da la'asar muka fita, Abdulkarim ya biyo mu. Baffa ya yi ɗawafi da ƙafarsa, kuma ba ina ƙari ba ne, ni nake bin sa a baya ina cewa a yi a hankali. A Safa da Marwa, da muka zo wurin korayen fitilu inda maza ke sassarfa, ya tattare haraminsa ya zuba, Abdulkarim yana gefensa yana haki yana kiran Kyaftin. Da aka gama aka yi mana aski, Baffa ya shafa kansa, ya daɗe yana kallon Ka'aba, bakinsa yana motsi. Na koma bayan wani ginshiƙi na ba shi wuri, don zuwa lokacin na fara koyo.

Da safen tafiyarmu Madina aka aike ni lemon tsami na ƙarshe. Da na dawo na tarar Baffa ya ba Abdulkarim carbinsa, shi kuma ya naɗe tukunyar dalmar a leda ya tura ta cikin jakar Baffa. Baffa ya ce in gaya wa Alhaji romon ya yi, amma da man shanu zai fi, kuma tsakinsu bai kai namu ba. Na fassara rabin farko.

Madina lafiya lau, jirgi lafiya lau. A dawowa na roƙi wani bawan Allah muka yi musanyar kujera, na koma can baya. Da muka sauka na ji Baffa yana gaya wa ɗansa cewa abincin jirgi ba laifi.

Yanzu duk lokacin da Baffa ya zo Kano ganin likita, a gidanmu yake sauka, kuma da tukunyar yake zuwa. Ni ke dafawa, da giwan ruwa da attaruhu da man shanu, ina tsaye a kanta ba na matsawa. Zuwansa na baya-bayan nan, na kai masa har ɗaki da kaina, ga lemon tsami a yanke a gefen faranti, ga wani kwando cike da shi a kan tebur. Ya dubi kwandon, ya dubi bango, ya ce:

"Malam, akwai lemon tsami kuwa?"

Na ce bari in duba a bakin titi. Nafisa ta riga ta sa min nawa a kula a cikin mota. Mai lemon bakin titinmu yana hango ni na tsaya ina buɗe kula, sai ya fara ƙulla leda, ya ce, "Baffa ya zo ke nan."